Jan Biro da 'Yan Tsakin Ƙungiya

Akwai wani mutum da yara suka laƙaba wa suna Jan Biro. A gabansa Malam suke ce masa, har da rusunawa, amma da ya ba da baya sai ka ji ana raɗa, "Jan Biro ya wuce." Sunan ya samo asali ne daga biron da ba ya rabo da aljihun rigarsa. Ja ne, kuma yara ba su taɓa ganin ya zaro shi don alheri ba.

Shekaru ya yi yana aikin akawu a wani kamfani kafin a rage ma'aikata a haɗa da shi. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Don haka da dattijuwar da ta kafa ƙungiyar matasan unguwarsu ta kwanta ciwon ƙafa, aka shiga neman wanda zai riƙe mata yaran, shi ya fara ɗaga hannu.

Ba son yara ne ya sa shi ba. Ya ji labarin cewa uwar ƙungiya za ta zaɓi mai horaswa ɗaya a ƙarshen shekara ta ɗora shi a kan duk rassa, da ofis da babur. Ofishin nan yake hange.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Yara ne maza da mata da ba su wuce shekara sha biyar ba, suna haɗuwa bayan an tashi makaranta a wani tsohon sito da aka gyara. Gefe guda benci da allo, ɗaya gefen an kewaye da waya an yanka shi keji-keji. A shekarar aka aiko musu da 'yan tsaki, kowane yaro goma, tare da littafi mai shuɗin bango. Ana so yaro ya koyi sa wa kansa buri, ya kuma riƙa rubuta abin da ya gani kullum, don ya gane inda ya yi daidai da inda ya kauce.

A cikin yaran akwai ɗan Jan Biro na fari, wanda kowa ke kira Ɗan Malam. Akwai kuma 'yar ƙanwarsa, Auta, yarinya mai ƙaramin jiki da yawan tambaya.

Gaskiya ranar farko ya koyar da kyau, don aikin rubutu sana'arsa ce. Ya zana layuka a allo: kwanan wata, yawan abincin da aka zuba, ruwa, lafiyar kaji, abin da aka lura da shi. Ya ce, "Abin da ba a rubuta ba, bai faru ba. Shafin farko kuma na buri ne. Kowa ya rubuta nasa in gani."

Yara suka duƙufa. Ya bi su benci-benci, hannu a baya. Da ya iso kan Auta sai ya ɗaga littafinta ya karanta da ƙarfi.

"'Burina in fitar da kaji takwas ko tara lafiyayyu, in kuma gane abin da ke kashe 'yan tsaki.'" Ya dube ta ta saman tabarau. "Wato tun kafin su yi fiffike kin yanka biyu a zuciyarki."

"Kawu, Mama ce ta ce ba duka suke rayuwa ba."

"A nan ba kawunki. Malam ne."

Ya zaro jan biron ya ja layi a kan burin nata daga kusurwa zuwa kusurwa, har takardar ta huje. Sannan ya juya ya rubuta a allo: Goma na karɓa, goma zan fitar. Ya ce kowa ya goge nasa ya kwafi wannan. Wani yaro da ake kira Dogo, wanda ya rubuta yana so ya koyi haɗa abincin kaji da kansa, ya goge nasa tun kafin a iso kansa.

Ba a daɗe ba tsautsayi ya faɗa wa kejin Auta. Ta zo ta tarar da ɗan tsako ɗaya ya sandare a gefen mazubin ruwa. Ta yi kukanta ta share hawaye, sannan ta zauna ta rubuta yadda aka koya mata: ɗaya ya mutu, jiya na ga ya ware kansa ba ya cin abinci, ban faɗa ba don na ɗauka barci yake ji.

Ranar duba littattafai Jan Biro ya karanta wannan shafin. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne manyan uwar ƙungiya, yadda za su buɗe littafin su ga mutuwa a reshensa, kuma a littafin 'yar ƙanwarsa.

"Fito nan. Karanta musu."

Ta fito ta karanta.

"Ina gawar?"

"Na sa a kwali a bayan sito, Malam. Zan binne."

"Ɗauko."

Ta ɗauko. Ya sa aka miƙo masa igiyar da ake ɗaure buhun abinci, ya ɗaure ƙafafun ɗan tsakon, ya rataya mata a wuya kamar sarƙa. Gawar ta riga ta fara wari. Ya tsayar da ita a bakin ƙofa, ya buɗe littafin ya ɗora mata a hannu, ya umarci sauran yaran su bi layi su wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kalle ta da kyau. Wannan ita ce likitar da za ta gano abin da ke kashe 'yan tsaki. Ga shi ta gano, ita ce."

Wasu suka yi dariya don sun ga yana jiran dariyar. Ɗan Malam bai yi ba. Ya wuce kansa a ƙasa. Auta ta tsaya a nan har aka tashi, ƙudaje na bin ƙirjinta, hawaye na ɗiga a kan shafin har tawadar ta narke.

Da yamma ƙanwarsa ta zo gidansa, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, mushe ka rataya wa 'yata a wuya?"

"Tarbiyya na ba ta. Da kin ba ta a gida da ba sai na wahala ba."

"Laifinta me? Ɗan tsako ne ya mutu, ta faɗa maka gaskiya."

"To ta ci gaskiyar ta ƙoshi. Ni sakamako nake nema. In kuma na ɗaga mata ƙafa a ce don jinina ce."

Ƙanwar ta dube shi ta ce, "Allah ya ba ka abin da kake nema." Ta juya ta fita. Matarsa da ke tsaye a ƙofar kicin ta buɗe baki za ta yi magana, ya watsa mata kallo ɗaya, ta koma ciki.

Auta ba ta sake taka siton ba. 'Yan tsakinta tara Jan Biro ya zuba su a kejin ɗansa, ya ce, "Kai ɗana ne. Kada ka kuskura ka kunyata ni."

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yaran nan ba su da gemu, amma sun fahimci karatun.

Daga ranar littattafai suka gyaru. Duk wanda Jan Biro ya buɗe sai ya ga abin da ke faranta masa rai: sun ci, sun sha, lafiya ƙalau, goma cif. Ya zagaya keji ya ƙirga, goma cif, na ɗansa kuma sha tara. Ya daina zaro jan biro sai don ya sa hannu a ƙasan shafi. Ya ɗauki hotunan littattafan ya tura wa uwar ƙungiya, aka aiko masa da yabo. Ya shiga gaya wa abokansa a bakin shago cewa yaran zamani ba abin da suke ji sai tsawa.

Abin da bai sani ba shi ne 'yan tsaki ba su daina mutuwa ba, rubuta mutuwar aka daina. Wanda nasa ya mutu sai ya sammako kafin makaranta ya binne a bayan sito, ya samo wani ya cike gurbin. Wannan ya saci na kazar kakarsa, wancan ya roƙo wurin masu kaji a kasuwa. Ba wanda ya san daga inda suka fito, balle ciwon da suke ɗauke da shi. Mabuɗin sito kuwa a gidan Malam yake kwana, don haka Ɗan Malam ne mai buɗe musu, shi ne kuma mai haƙa ramin.

Ba wai alamu ba su bayyana ba. Wata rana Jan Biro ya ga tsako mai baƙin fiffike a kejin Dogo, alhali duk farare aka kawo.

"Wannan fa?"

Dogo ya ce, "Rikiɗa ya yi, Malam. Haka suke yi in suna girma."

Ya san ƙarya ce. Amma ya ƙirga ya ga goma, ya duba littafi ya ga goma, sai ya wuce abinsa.

Wata ranar kuma ya lura rubutun ɗansa ya lalace, haruffa sun karkace kamar kaza ta yi tsere a kan takarda. Yaron na zaune ya cusa hannun dama a aljihu.

"Wannan rubutu ne ko tonon ƙasa? Saura kaɗan baƙi daga uwar ƙungiya su zo, shi ne za ka zubar mini da mutunci?" Ya yage shafukan. "Ka sake kwafe su tun daga farko, kuma ba za ka ci abinci ba sai ka gama."

Yaron ya ce, "To, Baba." Ya juya wa uban baya kafin ya ciro hannun ya kama biro. Gumi na tsattsafo masa a goshi. Uban ya ɗauka tsoro ne, har ya ji daɗi a ransa.

Ranar zuwan baƙi Jan Biro ya sha wanka, ya sa rigar da ya ajiye tun zamanin ofis. Ya riga kowa isa sito don ya jera littattafai a kan tebur. Tun kafin ya sa mabuɗi ya ji shirun ya yi yawa. Kullum in ya iso kukan kaji ke tarbarsa.

Ya tura ƙofa, wari ya daki hancinsa.

Kusan rabi suna kwance ƙafafu a miƙe. Sauran sun saki fikafikai suna gyangyaɗi, wasu wuya a murɗe suna juyi a wuri ɗaya, ƙasan keji duk koren zawo. Ya tsaya riƙe da ƙofa. Tunanin farko da ya zo masa shi ne ya kwashe matattun ya ɓoye kafin a iso. Har ya jawo buhu ya durƙusa ya fara cusawa, sai ya ji tsayuwar mota a waje.

A haka suka same shi, gwiwa a ƙasa, mushen kaza a hannu. Shugabar uwar ƙungiya ce a gaba, sai likitan dabbobi da aka zo da shi don ya yaba lafiyar kajin, sai dattijuwar da ta kafa reshen tana dogara sanda. Yara da iyaye suka taru a bayansu.

Likitan ya wuce shi ya nufi kejin. Ya sa safar hannu ya ɗaga kaza ɗaya ya duba, ya ɗaga wata.

"Wannan ba ciwon jiya ba ne. Ya daɗe yana yawo a cikinsu. Ina littattafan? In na ga inda ya fara da alamun farko, wataƙila mu ceci wasu."

Jan Biro ya miƙa masa. Likitan ya buɗe na farko, ya buɗe na biyu, ya bi su duka. Sun ci, sun sha, lafiya ƙalau, goma cif. Har shafin jiya. A ƙasan kowane shafi ga sa hannun Malam da jan biro.

Shugabar ta dubi Jan Biro. "Kai ka sa hannu a nan?"

"Abin da suka rubuta ke nan, ranki ya daɗe. Yaran ne maƙaryata." Ya juya kansu, muryarsa ta koma irin ta kullum. "Wa ya jawo wannan? Ku yi magana kafin in ci mutuncinku."

Ba wanda ya motsa. Wata ƙaramar yarinya ta ɓuya a bayan zanin mahaifiyarta.

Dattijuwar ta ja benci ta zauna da ƙyar. Ta yafito Dogo, ta kama hannunsa.

"Ɗana, ba duka, ba zagi, ga ni ga ka. Tun yaushe suke mutuwa?"

Dogo ya saci kallon Malam, ya dubi ƙasa. "Tun bayan tafiyar Auta, Iya."

"Me ya hana ku rubutawa?"

"Ita ta rubuta."

Daga nan bakin yaran ya buɗe. Wannan ya faɗi inda ya samo nasa, waccan ta faɗi nata. Suka kai baƙin bayan sito, suka nuna musu ƙasar da aka tona aka mayar, wuri-wuri kamar gonar da ɓera ya shiga. Suka ba da labarin igiya da mushe. Iyayen da ba su taɓa ji ba suka shiga duban juna. Wani uba ya cire hularsa ya riƙe, yana huci.

Likitan ya ce tunda an cakuɗa kaji daga wurare barkatai kuma ba rubutu ko ɗaya da za a dogara da shi, ba yadda za a yi. Dole a kashe duk sauran a ƙone, a rufe siton, kada ciwon ya shiga gidajen unguwa. Yaran da suka yi watanni suna ɗauko ruwa da share keji suka tsaya suna kallo ana zuba kajinsu a rami.

Shugabar ta miƙa hannu. "Ba ni mabuɗin."

A gaban yara da iyayensu ya ciro ya ba ta. Ya waiwaya yana neman wanda zai huce a kansa, idonsa ya faɗa kan ɗansa da ke jingine da bango.

"Kai ma har da kai? Kai ka buɗe musu?"

Ya fizgo hannun yaron daga aljihu. Yaron ya yi wata ƙara, ya zube ƙasa.

Hannun a naɗe yake da tsumma. Da aka warware, mata suka kau da kai. Ɗan yatsansa manuni ya kumbura ya yi baƙi, yana zubar da ruwa mai wari, kumburin ya haura har wuyan hannu. Jikinsa zafi kamar garwashi.

A motar baƙin aka kai shi asibiti. Likitar da ta karɓe shi ta duba hannun, ta ɗago ta dubi uban.

"Kai ne mahaifinsa? Yaushe ya ji wannan ciwon?"

Jan Biro ya shiga lissafin kwanaki a ransa. Bai sani ba.

"Gida ɗaya kuke kwana?"

"E."

Ta girgiza kai. "Tsohuwar waya ce ta yanke shi, kuma ya ci gaba da taɓa ƙazanta da shi. Da an kawo shi da wuri, wankewa ne da allura, ya koma gida. Yanzu sai mun cire yatsan in ana so a tsira da hannun."

Aka kawo takarda ya sa hannu. Ya laluba aljihu, biro ɗaya ne a ciki. Matarsa ta karɓi na wata nas ta miƙa masa ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Washegari da rana yaron ya farfaɗo. Hannun na naɗe da farin bandeji a kan matashi. Uwarsa na gefe tana masa fifita, ƙanwar Jan Biro ma ta zo dubiya ta zauna a ƙarshen gado, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ya ja kujera ya matso kusa da ɗansa. Muryar da ta saba cika sito ta koma kamar ta mai roƙo.

"Ɗana, me ya sa ba ka gaya mini ba? Ciwo a hannunka, kana kallona ina kallonka."

Yaron ya amsa, idonsa a kan silin.

"In na nuna maka, za ka tambaye ni inda na ji. In na faɗa, za ka san suna mutuwa."

"To sai me? Ai ni ubanka ne."

"Ita ma Auta ai kai ne kawunta."

Uwar ta ci gaba da fifita. Jan Biro ya miƙa hannu zai shafa kan ɗansa, yaron ya runtse ido ya noƙe wuya yana jiran mari.

Hannun uban ya tsaya a iska.

Darasi: Buri da rubuta aiki an yi su ne don yaro ya ga gaskiyar inda yake, ya gyara tun abu yana ƙarami. Duk ubangida, malami ko mahaifin da ke hukunta wanda ya kawo masa gaskiya, to ya sani ya koya wa na ƙasa da shi ƙarya da hannunsa, kuma ranar da ƙaryar za ta fashe ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba. Ku bar yara su sa wa kansu burin da za su iya, ku saurare su ranar da suka ce "na kasa" kamar yadda kuke saurarensu ranar da suka ce "na yi". Ku tura wannan labari ga duk wanda aka ba amanar yara, wataƙila akwai yaron da ke ɓoye hannu a aljihu a gidansa yanzu haka.